Yadda Ake Warware Saƙonnin Kuskure Bayan Sabunta Direban Girafik a Tsohuwar Kwamfuta

Wani ɗalibi ya shigo shagona da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina riƙe da laftof a hammata, ya ajiye ta a kan tebur ya ce, "Malam, girafik ɗinta ya ƙone, nawa za a sa wani?" Na tambaye shi wanda ya gaya masa haka, sai ya ce ai ita kwamfutar ce ta faɗa da kanta. Da muka kunna ta, rubutun fuskarta ya fito manya-manya, hotuna sun baje kamar an danne su daga sama, hasken allon kuma ya ƙi ƙaruwa ya ƙi raguwa. Ashe daren jiya ya sauke wata manhaja mai alkawarin sabunta duk direbobin kwamfuta da dannawa ɗaya, ita kuwa ta ɗora wa laftof ɗin shekarar 2011 direban da ba a yi shi dominta ba. Babu abin da ya ƙone. Ko da ma ya ƙone, girafik ɗin irin wannan laftof yana cikin furosesa ne, ba wani kati ba ne da za a zare a sa sabo.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin Windows da wani sashe na kwamfuta, kuma direban girafik shi ne tafintan sashen da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Matsalar tsofaffin kwamfutoci ita ce kamfanonin da ke ƙera wannan sashe, wato Intel da NVIDIA da AMD, sukan daina rubuta wa tsofaffin ƙirarsu sabon direba bayan wasu shekaru. Katunan NVIDIA na jerin GeForce 8 da 9 da 200 sun tsaya a direba mai lamba 342.01, na jerin GeForce 400 da 500 sun tsaya a 391.35 tun shekarar 2018, su kuwa Radeon HD 5000 da 6000 na AMD direbansu na ƙarshe da aka tabbatar shi ne Catalyst 15.7.1 na shekarar 2015. Da yawa daga cikin kwamfutocin 'yan Beljiyam da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu a Katsina da Daura, irin su HP EliteBook 8460p da Dell Latitude E6420 da Lenovo ThinkPad T420, 'yan wancan zamani ne. Abin da ake nema musu shi ne direba na ƙarshe da aka rubuta wa ƙirarsu, ko da shekararsa goma da fitowa.

Kafin ka taɓa komai

Ɗauki hoton saƙon da wayarka, ko ka rubuta shi harafi da harafi tare da duk lambar da ke jikinsa. Mutane da yawa sukan danna OK cikin gaggawa, sannan su zo wa mai gyara da "wani rubutu ne ya fito," alhali a cikin rubutun nan rabin maganin yake. Haka kuma ka tabbata akwai wutar da za ta kai ka ƙarshen aikin. Batirin yawancin tsofaffin laftof ba ya riƙe caji na rabin awa, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar girka direba, za a bar fayiloli rabi da rabi, abin da kan haifar da saƙon da ya fi na farko rikitarwa. Idan wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce, jira lokacin da aka tayar da janareto ko ka je inda ake da sola.

Idan allon ya yi baƙi ƙirin

A Windows 10, fara da danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B a lokaci guda. Wannan yana sa direban girafik ya sake tashi, za ka ji ƙara kaɗan allon ya ƙifta, wani lokaci kuma hoton ya dawo. Idan bai dawo ba, sai a shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da nasa sauƙaƙan direba ya bar wanda ya kawo rikicin a gefe. A Windows 7 ana danna F8 a kai a kai da zarar an kunna kwamfutar. A Windows 10 hanyar ta ɗan fi tsawo: kunna ta, da tambarin Windows ya bayyana ka riƙe maɓallin wuta har ta mutu, ka maimaita haka sau biyu ko uku, har ta buɗe shafin gyara da kanta. Daga nan zaɓi Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, sai Restart, sannan ka danna lamba 4.

Masu kwamfutar tebur sukan ga wani saƙo na daban yana yawo a baƙin allo, "Out of range" ko "Input not supported." Wannan ba daga Windows ya fito ba, tsohuwar monitar ce ke kukan cewa an aiko mata hoton da ya fi ƙarfinta. A wancan shafi na Startup Settings danna lamba 3, wadda ke tayar da Windows da ƙaramin ma'aunin hoto, sannan ka shiga Display settings ka mayar da ma'aunin daidai da na monitar.

Gane ainihin girafik ɗin da ke ciki

Kada ka dogara da sitikar da ke manne a jikin kwamfutar ko abin da mai sayarwa ya faɗa, domin laftof guda mai suna ɗaya takan fito iri biyu, wata da girafik ɗin Intel kaɗai, wata kuma da ƙarin na NVIDIA ko AMD. Danna Windows da R, rubuta devmgmt.msc, ka danna Enter. A shafin Device Manager buɗe Display adapters. Idan ka ga suna irin Intel HD Graphics 3000, rubuta shi. Idan kuwa Microsoft Basic Display Adapter ka gani, ko Standard VGA Graphics Adapter a Windows 7, ma'anarsa ita ce direban gaskiya ba ya aiki, Windows na lallaɓawa ne da na wucin gadi. Shi ya sa hasken allo ke ƙin motsi, kwamfutar ta ƙi yin barci, furojekta kuma ta ƙi kamawa, kamar dai yadda ya faru da ɗalibin nan.

A irin wannan hali sunan ya ɓoye, amma lambar na'urar ba ta ɓuya. Danna sunan sau biyu, shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids daga jerin. Za ka ga dogon layi mai ɗauke da VEN da lambobi ko haruffa huɗu, sai DEV da wasu huɗu. VEN_8086 Intel ne, VEN_10DE NVIDIA ne, VEN_1002 kuma AMD. Lambar DEV ita ke nuna ƙirar, kuma idan ka rubuta su biyun tare a Google za ka sami sunanta. Bayan haka sake danna Windows da R ka rubuta winver domin ganin sigar Windows ɗinka, sannan ka duba About a cikin Settings ka san ko 32-bit ne ko 64-bit. Waɗannan abubuwa uku, ƙirar girafik da sigar Windows da yawan bit, su ne za su zaɓa maka direba.

Abin da saƙonnin ke nufi

Nan ne ya kamata a zauna, domin saƙonnin sukan faɗi abu ɗaya su nufi wani. Wanda ya fi tsorata mutane shi ne Code 43, mai zuwa da alamar motsin rai a cikin rawayar kusurwa da rubutun "Windows has stopped this device because it has reported problems." Mai karatu sai ya ɗauka na'urar ce ta kai ƙarar kanta cewa ta mutu. A gaskiya direban ne ya shaida wa Windows cewa ya kasa tafiyar da na'urar, kuma direban da bai san ƙirar ba zai faɗi haka ko da lafiyarta ƙalau. Idan Code 43 ya bayyana ne a ranar da aka sabunta direba, a fara zargin direban. Code 31 ɗan'uwansa ne, yana nufin Windows ya kasa loda fayilolin direban, galibi saboda sun lalace ko sun cakuɗe da na tsohon. Code 52 kuma batun sa hannu ne: Windows ya kasa tantance hatimin kamfanin da ke jikin direban. A Windows 7 wannan kan faru idan ba a girka sabuntawar KB4474419 ba, wadda ke koya masa karanta sabon salon hatimi na SHA-2.

Sai saƙon da kan leƙo a kusurwar allo bayan ya ɗan yi duhu, "Display driver stopped responding and has recovered." Tun daga Windows Vista akwai wani tsari mai suna TDR da ke sa ido a kan girafik, idan ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba sai Windows ya sake tayar da direban. Idan tayarwar ta yi nasara, wannan saƙo kake gani. Idan ta ci tura, sai shuɗin allo ya fito da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE, kuma a ƙasansa akan ambaci sunan fayil ɗin da ya maƙale. Sunan nan shi ne shaidar da kake nema: nvlddmkm.sys na NVIDIA ne, atikmpag.sys ko atikmdag.sys na AMD ne, igdkmd64.sys kuma na Intel. A laftof mai girafik biyu, da wannan suna ne za ka san wanne daga cikinsu za ka bi. Za ka ga masu ba da shawarar a shiga rajistar Windows a tsawaita daƙiƙun nan biyu. Ni ban yarda da wannan ba, domin rufe bakin mai kuka ne kawai, ciwon yana nan.

Akwai kuma saƙonnin da ke fitowa tun wajen girkawa. Idan manhajar NVIDIA ta ce "could not find compatible graphics hardware," ba tana cewa babu girafik a kwamfutarka ba ne, tana cewa lambar DEV ɗinka ba ta cikin jerin waɗanda wannan direba ya sani, ko dai don ƙirar ta tsufa an cire ta, ko don ka sauke na kwamfutar tebur alhali laftof gare ka. Idan ta ce direban "is not compatible with this version of Windows," koma ga abin da winver ya nuna maka. Masu ɗora Windows da yawa suna yawo da tsohon fulash mai sigar 1511 ko 1607, alhali Windows 10 ya kai 22H2, kuma sababbin direbobi ba sa hawa waɗancan tsofaffin sigogi. Haka nan idan an haɗa direban 64-bit da Windows mai 32-bit. Intel kuma tana da nata guda biyu. "This computer does not meet the minimum requirements" yana nufin direban na wani zamanin furosesa ne daban. "The driver being installed is not validated for this computer" yana nufin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ya yi wa direbansa gyare-gyare na musamman, don haka ana tura ka shafinsa.

Mayar da tsohon direba

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma da ita ake farawa. A Device Manager danna sunan girafik ɗin sau biyu, shiga Driver, ka danna Roll Back Driver, ka zaɓi kowane dalili, sannan ka sake kunna kwamfutar. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, Windows bai ajiye na baya a wannan gurbi ba, amma mai yiwuwa yana cikin rumbunsa. Danna Update Driver, sai Browse my computer, sai Let me pick from a list, ka duba ko akwai direba mai tsohon kwanan wata ka zaɓe shi. Idan nan ma babu, rubuta rstrui a akwatin Windows da R, wanda ke buɗe System Restore mai mayar da Windows yadda yake a wata rana ta baya, ka ga ko akwai ranar da aka adana kafin sabuntawar. Wannan ba ya taɓa takardunka da hotunanka, amma yana cire manhajojin da aka girka bayan ranar.

Idan mayarwa ta gagara

To sai a share a sake sabon lale, kuma a nan bin tsari yana da muhimmanci. Fara da sauke direban da ya dace kafin ka cire komai. Ga mai laftof, shafin tallafi na kamfanin da ya ƙera ta shi ne zangon farko: Dell na neman Service Tag da ke ƙasan laftof ɗin, HP da Lenovo kuma lambar siriyal, wadda wani lokaci sai an cire batir ake ganinta. Wannan ya fi zama dole ga masu girafik biyu, kamar Latitude E6420 da ThinkPad T420 masu NVS 4200M na NVIDIA. Ga mai kwamfutar tebur, je shafin NVIDIA ko AMD ka zaɓi ƙirar da hannunka, kada ka danna babban maɓallin da ke ba da sabon direba. Fayilolin nan sukan kai ɗaruruwan megabait, don haka ka tanadi data. Ka guji shafukan da ke tara direbobi barkatai, domin da yawansu suna haɗa wa mutum da tarkacen talla.

Intel HD Graphics 3000 na buƙatar bayani na musamman saboda yawansa a hannun jama'a. Intel ba ta fitar masa da direban Windows 10 a hukumance ba, sai dai Windows Update yakan kawo wani mai lamba 9.17.10.4459 wanda ke aiki. Shi kuwa HD Graphics 4000 na shekarar 2012 yana da nasa na Windows 10 a jerin 15.33. Bambancin shekara ɗaya ne tsakaninsu, amma direban wannan ba ya hawa wancan.

Bayan ka sauke direban, sauke Display Driver Uninstaller, wanda aka fi sani da DDU, daga shafin Wagnardsoft. Kyauta ne, kuma aikinsa shi ne kwashe ragowar fayilolin da cirewa ta yau da kullum ke bari. Yanzu kashe intanet gaba ɗaya, ka kashe wayfai ka zare waya ko modem, domin idan ka bar shi Windows zai riga ka ɗora nasa zaɓin da zarar ya tashi. Shiga Safe Mode, buɗe DDU, zaɓi GPU, wato girafik, da sunan kamfanin, ka danna Clean and restart. Kwamfutar za ta dawo da manyan rubutu, wannan daidai ne. Girka direban da ka tanada, ka sake kunnawa. Idan girafik biyu ne, na Intel ake fara sawa, a sake kunnawa, sannan a sa na NVIDIA ko AMD, saboda a yawancin irin waɗannan laftof ta hanyar na Intel hoton ke isa allo. Wanda ya juya tsarin shi ne kan dawo da Code 43.

Wani lokaci direban daidai ne amma manhajar girkawa ta ƙi, musamman idan direban Windows 7 ko 8 ake son ɗorawa a Windows 10. A nan sai a zagaye ta. Warware fayil ɗin da 7-Zip, manhajar buɗe ƙunsassun fayiloli, zuwa wata folda, koma Update Driver, sai Let me pick from a list, sai Have Disk, ka nuna masa fayil mai ƙarewa da .inf, wanda a direbobin Intel yakan zauna a foldar Graphics. Idan sunan girafik ɗinka ya fito a jerin, ci gaba. Idan bai fito ba, tsaya nan, kada ka tilasta masa sunan wata ƙira don kawai ta yi kama da taka.

Hana Windows sake canja shi

Sau da yawa gyaran kan yi kyau, bayan kwana biyu a haɗa intanet matsalar ta dawo, saboda Windows Update ya sake ɗora abin da aka cire. Rubuta Change device installation settings a wurin bincike ka zaɓi No. Wannan kaɗai ba kullum yake isa ba. A Windows 10 Pro, rubuta gpedit.msc a akwatin Windows da R, bi Computer Configuration, sai Administrative Templates, sai Windows Components, sai Windows Update, ka kunna "Do not include drivers with Windows Updates." Sannan cire duk wata manhajar sabunta direbobi da ke kwamfutar, ka kuma ajiye kofin direban da ya yi aiki a fulash, ka rubuta sunan kwamfutar a jikin foldar. Tun da tallafin Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, na Windows 10 kuma a Oktoban 2025, ba a da tabbacin tsofaffin fayiloli za su dawwama a shafukan kamfanoni.

Lokacin da laifin ba na direba ba ne

Idan an bi duk wannan amma saƙon TDR bai daina ba, a duba zafi. Ƙurar hunturu takan taru a bakin fankar laftof ta zama kamar auduga, sai bazara ta zo a Maris da Afrilu ta tarar da hanyar iska a toshe. Direban wucin gadi na Windows ba ya sa girafik aiki sosai, shi ya sa kwamfutar kan yi lafiya da shi, da an sa na gaskiya kuma ta fara ɗaukewa, sai a ɗora wa direban laifi. Sa tafin hannunka kusa da mafitar iska: idan fanka na kuwwa amma iskar da ke fita kaɗan ce, a toshe take. Manhaja irin HWMonitor za ta nuna maka ma'aunin zafin, kuma idan yana haura digiri 90 daga kallon bidiyo kawai, a buɗe ta a share da burushi a sa sabon man sanyaya furosesa. A daina kuma ɗora ta a kan katifa ko dardumar ɗaki.

Akwai saƙonnin da babu direban da zai kawar da su. Idan wata manhajar zane ko wasa ta ce tana buƙatar DirectX 11 ko OpenGL 3.3, wato matakan fasahar zana hoto da girafik ke iya ɗauka, alhali HD Graphics 3000 a DirectX 10.1 da OpenGL 3.1 ya tsaya a Windows, iyakar ƙirar ce aka taras. Rubuta dxdiag a akwatin Windows da R, shiga Display, ka duba Feature Levels ka ga inda naka ya tsaya. Mafita ita ce a nemi tsohuwar sigar manhajar da ta yi zamani da kwamfutar.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ke raba gardama. Kunna kwamfutar ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta, kafin Windows ya tashi, da F2 a Dell, F10 a HP, ko F1 a ThinkPad. A wannan shafi babu direban Windows da ke aiki. Idan hoton ya fito tsaf, akwai kyakkyawan zaton matsalar ta manhaja ce ko ta zafi. Idan kuwa ka ga layuka masu launi ko ɗigo-ɗigo ko rubutu a wargaje tun a nan, haɗa ta da wata monita ta VGA ko DisplayPort. In hoton ya fito lafiya a monitar, allon laftof ɗin ko siririyar wayarsa da ke bi ta maƙogwaron murfi ce ta samu matsala, kuma ana canja su. In layukan sun biyo har monitar, galibi guntun girafik ɗin ne ya gaji. A laftof mai girafik biyu ana iya kashe na NVIDIA ko AMD a Device Manager, ko a BIOS idan akwai zaɓin, a ci gaba da aiki da na Intel. A kwamfutar tebur kuwa a zare katin, a mayar da wayar monita ramin da ke jikin madabod, wato babban faifan da sassan kwamfutar ke haɗe a kai, idan furosesar tana da nata girafik.